Daga Giyar Sitiyarin Fijo Zuwa Sikirin Ɗin Android: Tarihin Dashbod, Da Yadda Za Ka Gane In Yana Yi Maka Ƙarya

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya mu shiga cikin mota, amma kar ka kai wayar taka nesa, kafin mu gama za ta yi mana aiki.

In kana zama a majalisar da direbobi ke taruwa, ko da yamma a Zurgu, ko a tashar Rano inda ake jiran lodin Kano da Kibiya, na san ka taɓa jin wannan musun. Dattijon da ya ja Fijo 504 shekara da shekaru zai ce: "Yaro, mu a zamaninmu ido na kan titi, hannu ne ya san inda komai yake." Matashin da ya saka sikirin ɗin Android a Golf ɗinsa kuma ya mayar masa: "Haba Baba, ai motocinku ba sa magana. Sai inji ya buga sannan ku san da matsala." A yi dariya, kowa ya tsaya kan bakansa. Ni dai a ganina kowannensu ya kama rabin gaskiya. Dashbod shi ne bakin mota, ta nan take gaya maka halin da take ciki. Na da ba ya faɗin abu da yawa, amma abin da ya faɗa ka riƙe shi. Na yanzu surutu gare shi, kuma tunda yawancin motocin da ke hannunmu sun yi rayuwa a wata ƙasa kafin su iso, sau da yawa an riga an koya masa ƙarya.

Sunan ma asalinsa ba na mota ba ne. A zamanin keken doki, Turawa kan kafa allon katako ko na fata a gaban mai tuƙi don ya tare taɓon da kofaton doki ke watsowa. Wannan allon shi ne dashbod. Da aka cire dokin aka sa inji, allon ya zauna inda yake, aka fara maƙala masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1902 wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi rajistar agogon auna gudu mai aiki da maganaɗisu, irin mai allurar nan da muke cewa maleji. In ka ji an ce direba ya ƙure maleji, allurar Schulze ce ta kai bango.

RANAR DA SITIYARI YA SAUYA GEFE

Babban sauyin da cikin mota ya taɓa gani a ƙasar nan ba kamfani ne ya kawo shi ba, doka ce. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Turawan Ingila ta koma hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijar da Chadi da Kamaru. Kafin wannan rana, direban da ya ɗauko kaya daga Kano zai je Maraɗi, da ya tsallaka iyaka sai ya sauya hannu. Bayan dokar sai sitiyari ya bar gefen dama ya koma hagu, giyar da aka saba ja da hannun hagu ta dawo hannun dama. Riƙe wannan maganar, za mu dawo mata, domin har yau tana cin kuɗin masu sayen mota.

Shekara 3 bayan haka, a 1975, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da ita motar jami'an gwamnati, 'yan haya suka rungumi 504 doguwa mai layin kujeru uku, manoma da 'yan kasuwa suka kama a-kori-kura. Ita 504 a Faransa ta fito tun 1968, ta ci kambun motar shekara a Turai a 1969, amma a Kaduna ba a daina yin ta ba sai 2006. Shi ya sa duk ɗan Arewan da ya haura shekara talatin, in ya rufe ido zai iya tuno ƙamshin kushin ɗinta da rana ta gasa.

Abin da tsofaffin direbobi suka fi kewa shi ne giyar sitiyari. A 404, wadda ta fito a 1960, da kuma 504 na farko-farko, sandar giya ba a ƙasa take ba, a wuyan sitiyari take, kana ɗaga ta kana sauke ta ba tare da hannunka ya yi nisa da kan mota ba. Amfanin wannan shi ne tsakiyar gaba ya zama fili. A a-kori-kura mutum biyu su zauna kusa da direba, ba mai takura wa wani. Ina da zargin cewa daga nan muka gaji ɗabi'ar ɗaukar biyu a gaba. Giya ta sauko ƙasa tuntuni, ɗabi'ar ba ta sauko ba. Yau in ka shiga Golf daga Rano zuwa Kano aka sa ka a tsakiya, kan birkin hannu kake zaune, kuma duk sa'ad da direba zai sa giya ta huɗu sai ya ce maka "malam, ɗan ɗaga ƙafa".

Motocin Faransa da yawa na wancan lokaci kuma ba a tsakiyar sitiyari suke da hon ba. A kan sandar da ke gefe yake, ka danna ta ciki da ɗan yatsa. Wanda ya saba da motar Japan in ya shiga, sai ka ga yana ta dukan sitiyari, akuya na tsaye a titi, mota ta yi shiru. Ga kuma cok, wani maɓalli da ake jawowa a motoci masu kafireto. Da asubar hunturu sai ka ja shi ya rage iskar da ke shiga inji don mai ya yi yawa, mota ta tashi, in ta ɗumama ka mayar. Ka manta ba ka mayar ba, ta sha mai kamar raƙumi ta baƙanta maka filogi. Yau kwamfutar mota ke yin wannan aikin, ba ka ma san ana yi ba.

A Legas kuma, a shekarar ta 1975, Volkswagen ta fara harhaɗa Beetle, mai inji a baya, but a gaba, ba ruwanta da lagireto domin iska ke sanyaya ta. Dashbod ɗinta ƙarfe ne da agogo ɗaya tal. Waɗanda aka ƙera kafin 1961 ko agogon mai ba su da shi. In kana tafiya ta fara shaƙewa, akwai wata 'yar sanda kusa da ƙafarka da za ka juya, ta buɗe maka ragowar man da aka ɓoye a ƙasan tanki, ka lallaɓa zuwa gidan mai. To in ka manta ba ka mayar da sandar ba bayan ka sha mai fa? Gaba in ta shaƙe, babu ragowa, sai turi. Wani abin dariyar, ruwan wanke gilashinta ba famfon lantarki ke turo shi ba. Bututu ne aka haɗa da safayar taya, iskar tayar ke watso ruwan.

Marsandi ita ma tana da nata. Wadda ta fito a 1959, mai fukafukai a baya, malejinta ba zagaye ba ne. Tsaye yake kamar abin auna zafin jiki na asibiti, wani layi na hawa sama yana sauya launi gwargwadon gudunka. Daga baya aka samu wadda muke kira Bi-but, mai wayfa guda ɗaya ƙato da ke miƙewa yana komawa don ya kai kusurwar gilashi. Birkin ajiye ta kuma da ƙafa ake taka shi, a saki da hannu, abin da ya sha kunyata sabon direba a gaban maigida.

MASU HAUKAN GASKE

Duk waɗannan masu hankali ne in ka haɗa su da abin da kamfanin Citroën ya yi. A 1955 ya fito da DS, sitiyarinta ƙafa ɗaya ce kacal ke riƙe da shi, kuma a madadin fedar birki sai aka sa wani dunƙulen roba a ƙasa kamar an raba ƙwallo biyu. Ba ya nutsewa sosai, ƙarfin takunka yake ji. Sabon shiga in ya taka yadda ya saba, fasinja ya sumbaci gilashi. A 1974 suka kawo CX. Ita ba allura a malejinta, lambobin ne ke juyawa a jikin wata 'yar ganga a bayan gilashi mai ƙara girma, kamar sikelin awon nauyin mutum. Sigina da hon da fitila duk an tara su a wasu kunnuwa biyu a gefen sitiyari, yatsunka na kai musu ba tare da ka saki kan mota ba. Siginarta ba ta kashe kanta bayan kwana, sai ka kashe. Mutane sun yi ta tsokanar su, amma ka lura da tunanin: kar hannu ya bar sitiyari, kar ido ya bar titi. Maganar dattijon Zurgu ke nan, injiniyoyin Faransa ne kawai suka wuce gona da iri.

Daga nan aka shiga zazzaɓin lantarki. Aston Martin ta Ingila ta nuna Lagonda a 1976, ba allura ko ɗaya, sai lambobi masu haske da maɓallan da shafa su kawai ake yi. Kayan suka yi ta ba da matsala har suka jawo jinkirin fitar motar. A 1981 Datsun Maxima ta zo da muryar mace da ke gaya maka ka bar fitila a kunne. Ka san me ke maganar? Wani ɗan ƙaramin faifan garmaho ne a cikin akwati, da allurarsa. A shekarar dai Honda ta sayar da na'urar nuna hanya a Japan, alhali babu tauraron ɗan'adam da take magana da shi: taswira ce a jikin leda mai haske, ka zura ta gaban ɗan talabijin, wani ɗigo yana nuna inda kake. In ka fita daga wannan taswirar, ka tsaya ka sauya wata.

Wanda ya fi dacewa da mu masu waya shi ne na 1986. A shekarar, kamfanin Buick na Amurka ya sa sikirin mai aiki da taɓawa a motarsa Riviera, shekara 21 kafin iPhone ta fito. Baƙin gilashi ne da koren rubutu, ta nan ake sarrafa rediyo da esi, har ya nuna maka lafiyar inji. Masu saye suka yi ƙorafin cewa don ka rage sanyi kawai sai ka ɗauke ido daga hanya. Zuwa 1990 an cire shi an dawo da maɓallai. Ka riƙe wannan ma.

Na kiɗa ba zan daɗe a kai ba, domin kai ma ka ga ƙarshensa. Chrysler ta gwada sa garmaho a mota a 1956, bai karɓu ba. Kaset ɗin da Philips ta fitar a 1963 shi ne ya yi sarauta a hanyoyinmu: Shata, karatun malamai, da Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos, ga biro a ajiye don naɗe zaren in rikoda ta tauna shi. Yau ramin kaset ɗin ya zama ma'ajiyar canji, ramin kunna taba kuma ya zama wurin caji da ɗan abin nan mai karɓar memori da Bluetooth.

DASHBOD ƊIN DA BA DON KAI AKA YI SHI BA

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma Beljiyam da Kwatano. Tun daga lokacin, kusan duk dashbod ɗin da ke gabanmu an tsara shi ne don wani mutum a wata ƙasa. Nan ne tarihi ya zama maganar aljihu, wani lokacin ma ta rai.

Fara da maleji. Motar da ta fito daga Amurka, manyan lambobin da ke waje mil ne, ƙananan na ciki su ne kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In allura na kan 60, kana gudun kusan 97. In tana kan 80, kai kana ganin kana bin doka, alhali kana daf da 130, a hanyar Bunkure da babura da shanu ke tsallakawa. Ƙa'idar motar gida a babbar hanya 80 ce, a tagwayen hanya 100, kuma da kilomita ake nufi.

Sai maganar 1972 da na ce ka riƙe. Dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka motocin da aka sayo daga Ingila ko Japan sai a juya musu sitiyari, a yanka, a yi walda, a sauya wayoyi. Wani aikin yana kyau, wani kuwa Allah ya kiyaye. Kuma ba kowane dillali ne zai gaya maka ba. Duba wayfa: a motar da aka ƙera da sitiyari a hagu, gefen direba suka fi sharewa. In ka ga sun bar maka kusurwar sama a gabanka ba sharewa, alhali gefen fasinja tas, ka yi tambaya. Duba inda abin buɗe bonet yake, da inda manyan maɓallan gilasai suke. Ɗaga kafet ɗin gefen fasinja, ka leƙa ko akwai ramukan da aka toshe ko sabuwar walda inda fedoji suka taɓa zama.

Na uku, fitilun gargaɗi. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi. Murɗa makulli zuwa inda dashbod ke kawo wuta, amma kar ka tayar da inji. In mai maɓalli ce, danna ba tare da ka taka birki ba. Dole fitilun su kama: ta mai, ta batir, ta cek injin, ta ABS, da ta jakar iskar nan da ake cewa iyabag. Ɗauki hoton su da wayarka. Sannan ka tayar, ka ga sun mutu. Fitilar da ta ƙi mutuwa tana gaya maka akwai matsala, wannan mai gaskiya ce. Wadda za ka ji wa tsoro ita ce wadda ba ta kama ba tun farko, domin akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin salatif ta ciki. Motar da ta yi haɗari a waje iyabag ɗinta ya fashe, ana iya ɗinke wurin a rufe, fitilar kuma a kashe bakinta. Ba za ka sani ba sai ranar da kake buƙatarsa. In kana tafiya kuma jar fitila mai kamar butar shayi ta kama, ba cewa take ka ƙara mai in ka isa gida ba. Cewa take baƙin mai ba ya zagaya inji yadda ya kamata, ka gangara gefe ka kashe yanzu.

Lambar tafiya ita ma ana taɓa ta. A da, tsofaffin motoci da yawa lamba biyar gare su, in sun kai 99,999 su koma sifili da kansu, masu dabara kuma su buɗe su juya da hannu. Da aka koma na lantarki an ɗauka an huta, ashe da kwamfuta ma ya fi sauri. Ka gwada lambar da jikin motar: robar feda ta cinye, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, amma maleji na cewa 60,000? Wani abu bai daidaita ba. Motar Amurka kuma tana da lamba mai harufa 17 a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Da ita ake neman tarihin motar a shafuka irin su Carfax, da kuɗi ne, amma bai kai kuɗin inji ba.

Yanzu ɗauko wayar. Tun 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Yawanci tana ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwarka. Ka sayi ɗan abin da ake kira ELM327, ka soka shi, ka murɗa makulli, ka haɗa shi da wayarka ta Bluetooth, sannan ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner daga Play Store. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko wanda aka rubuta yana aiki da ita, domin masu arhar ba duka ke haɗuwa ba. Manhajar za ta nuna maka lambobin matsala ko da an cire ƙwan fitilar. P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0420 kuma tukunyar tace hayaƙi ce ta gaza ko an fashe ta an sayar da abin ciki. In ba ka ga lamba ko ɗaya ba, kar ka yi saurin murna. Shiga wurin da ke nuna gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. In yawancinsu na nuna ba su kammala ba, to ba a daɗe da goge lambobin ko cire kan batir ba. Ka ce a ba ka ita ku yi tafiya mai ɗan nisa ka sake dubawa. Sai dai ka sani, mai arhar nan yawanci inji kawai yake karantawa, iyabag da ABS sai babbar na'urar masu gyara. Kuma tsohuwar Golf 3 ko 504 ba lallai su amsa masa ba.

To ina musun majalisa ya kwana? Tesla ta dawo da ƙaton sikirin a 2012, kowa ya bi, har aka kai ga motocin da sai ka shiga cikin jerin zaɓi kafin ka daidaita wayfa. Sai ga hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta sanar cewa daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta tanadi maɓalli ko sanda na zahiri ga sigina, fitilar haɗari, hon, wayfa da kiran gaggawa. Ƙorafin da aka yi wa Buick ne ya dawo bayan kusan shekara 40. Volkswagen ma ta ce za ta mayar da maɓallai a sabbin motocinta.

Don haka in ka kai motarka a sa maka sikirin ɗin Android, ba laifi, taswira da kyamarar baya suna da amfani. Amma kafin ka biya mai aikin, ka tabbatar maɓallin fitilar haɗari yana nan inda hannunka zai same shi a duhu, na esi ma haka, na ƙarar sauti da ke jikin sitiyari kuma yana aiki. Ka kashe motar ka zare makulli, ka jira sikirin ɗin ya mutu gaba ɗaya a gabanka. In ya ƙi mutuwa, an haɗa wayar wuta ba daidai ba, kuma gobe da asuba sai ka nemi masu turi.